Ku Fito Ranar Asabar, Mu Sauya Kansila

 

Mu ne dai waɗanda kuka sani. Kwamitin rijiyar burtsatse. Matan adashe. 'Yan sintirin dare. Iyayen yaran firamare. Masu Keke Napep da 'yan acaɓa. 'Yan tireda da masu shayin bakin tasha. Mun zauna, mun yi muhawara har murya ta dushe, mun tsaya a kan magana ɗaya. A zaɓen kansila na ranar Asabar ba ma tare da mai ci. Muna tare da Malam, malamin makarantar nan da ke riƙe mana littafin kuɗin rijiya. Mun zo neman ƙuri'arku, da ƙafarku, da bakinku.

Ku ba mu aron kunne, maganar ba ta da tsawo.

Ku dubi inda muke zaune. Nan Babban Birnin Tarayya ne. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa shi a 1976, bai taɓa samun zaɓaɓɓen gwamna nasa ba. Ba mu da gwamna. Ba mu da majalisar jiha. Ministan Abuja Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shi, ba ya zuwa ƙofar kowa neman ƙuri'a. Majalisar Tarayya ce ke yi mana doka, a cikinta kuwa Sanata ɗaya gare mu da 'yan Majalisar Wakilai biyu. Mutum uku kacal, ga dukkan al'ummar da ke tsakanin Abaji da Bwari. To wa ya rage? Wane zaɓaɓɓe ne za ka iya taka sayyadarka zuwa gidansa bayan sallar la'asar ka yi sallama? Ciyaman da kansila. Ciyaman ma sai ka bi ta kan masu gadi. Kansila kaɗai ne naka na kusa. Shi ne kuma wanda muke rainawa, mu kwanta barci ranar zaɓensa.

Mun san abin da ke zuciyar da yawa daga cikinku. Za ku ce zaɓen ƙaramar hukuma ai an gama shi tun kafin a buɗe akwati. Kuna da hujja, domin kun ga yadda ake yi a garuruwanmu na asali. A watan Oktoba na 2024 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kaduna, jam'iyyar da ke mulkin jihar ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255, ba ta bar ko ɗaya ba. Bayan mako guda aka yi a Kano, can ma jam'iyyar gwamna ta haɗa ciyamomi 44 da kansiloli 484 ta yi gaba. Jam'iyyun biyu ba sa ga-maciji da juna, amma salon nasu ɗaya. Wanda ya ga haka ya yanke ƙauna, ba mu ga laifinsa ba.

Amma nan Abuja ce, 'yan uwa. A nan babu hukumar zaɓen jiha da gwamna ya naɗa. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ce da kanta ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida da mazaɓu 62. Da katin da kuke zaɓen Shugaban Ƙasa, da na'urar BVAS mai duba yatsa da fuska. Kuma an ga bambanci. A zaɓen 12 ga Fabrairu 2022, hukumomin shida rabuwa suka yi biyu: APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji, PDP ta ci AMAC da Bwari da Kuje. AMAC fa, inda fadar Shugaban Ƙasa take, ta kuɓuce wa jam'iyyar da ke cikin fadar. Shekara ta zagayo, a 2023, Sanata Philip Aduda da ke kan kujera tun 2011 ya sha kaye a hannun Ireti Kingibe. Ko kana sonta ko ba ka sonta, wannan ya faru a gabanmu. A garin nan ana kayar da mai ci. An yi jiya, za a yi ranar Asabar in Allah Ya yarda.

Ga abin da muke so ya zauna muku a rai. A wancan zaɓe na 2022, AMAC tana da masu rajista fiye da rabin miliyan. Wanda ya zama ciyaman bai kai ƙuri'a 20,000 ba. Ku sake karantawa. Fiye da rabin miliyan a littafi, ƙasa da 20,000 suka ba da kujera. Sauran fa? Suna gida. Suna shago. Suna majalisar shayi suna cewa ba a ƙirga ƙuri'a. In kujerar ciyaman ta tsaya a kan wannan, ina ga ta kansila, wadda mazaɓa ɗaya ke yanke hukuncinta? Layinku kaɗai zai iya karkata ma'auni. Sahun masallacinku na asuba zai iya. Taron adashenku na ranar Lahadi zai iya. Mai ci ya san wannan lissafi sarai. Shi ya sa bai damu ya burge ku ba. Buƙatarsa ɗaya, ku zauna a gida. Duk wanda ya ƙi fita ranar Asabar ya dangwala masa ke nan, ko bai taɓa tawada ba.

Me ya raba mu da shi? Ba mu da gaba da shi. Ɗan uwa ne, muna gaisawa, in an yi masa rasuwa za mu je ta'aziyya. Aiki muka ba shi, aikin muke tambaya.

Muna tambayar kwalbatin da ke toshewa duk damina, ruwa ya bi dare ya shiga ɗakunan mutane. Muna tambayar jujin da ya ci rabin hanya, har mai Keke sai ya toshe hanci ya ratse. Muna tambayar asibitin sha-ka-tafi, inda mace za ta je da naƙuda a rubuta mata takarda a ce ta sayo safar hannu da auduga. Muna tambayar famfon da aka kafa ana kiɗa, ya yi 'yan watanni ya ƙafe, muka koma tare mai ruwa da kurarsa muna cinikin jarka. Muna tambayar rasit ɗin da ake yankar wa mai tumatir da mai gyaran waya, yau wannan kala gobe wancan, ba wanda ya san asusun da kuɗin ke faɗawa. Kada wani ya ce muku waɗannan aikin Minista ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, magudanar ruwa, kwashe shara, ƙananan hanyoyi, sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Kayan gidanmu ne duka.

Sai babbar tambayar. A 2025 malaman firamaren gwamnati na Abuja sun shiga yajin aiki tun watan Maris, ba su koma aji ba sai Yuli. Fiye da wata uku. Dalili, ƙananan hukumomi ba su biya su mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, ga bashin baya. 'Ya'yan wa suka zauna a gida? Na Maitama da Asokoro? Su motar makaranta ba ta fasa ɗaukarsu ba ko rana ɗaya. Namu ne. Namu ne suka koma tallar gyaɗa da ruwan leda a bakin titi. Namu ne suka mance abin da suka koya. A cikin watannin nan, wa ya tara iyaye ya yi musu bayani? Wa ya tashi a zauren majalisar kansiloli ya buga tebur a madadinmu? Mun saurara, ba mu ji ba. Abin da muka gani da idonmu, Malam ne ya tattara yaran layi-layi a rumfar wani bawan Allah, shi da wasu 'yan sa-kai, suna bitar karatu da lissafi, ba a karɓi sisin kowa ba. Shi ma a lokacin aljihunsa a bushe yake.

To ga mutumin da muka tsaya wa.

Ba baƙo ba ne. A gidan haya yake kamar yawancinmu. Jarkar da muke saye ita yake saye. In wuta ta ɗauke mana ta ɗauke masa. Da taransifoma ta ƙone, shi ya bi gida-gida da littafi, ya rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, bayan an gyara ya tsaya a bainar jama'a ya karanta shiga da fita, ya mayar da canji. Ya mayar da canji, jama'a! Ku tambayi kanku rabon da ku ga haka. Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, mu da muke zama da shi a kwamiti mun sha fama. Ba shi da kuɗi, kuma ba zai raba muku komai ba. Amma wanda ya riƙe amanar kuɗin rijiya, muna ganin ya cancanci a gwada shi da abin da ya fi haka.

Kuma ba hannu rabbana muka ba shi goyon baya ba. Mun zaunar da shi a gaban dattawa, muka gindaya masa sharuɗɗa, ya amsa. Duk ƙarshen wata zai zo filin firamare ya zauna da jama'a, mai tambaya ya yi tambaya. In kasafin kuɗi ya zo gaban majalisa, zai kawo mana kwafi, a karanta da Hausa da Gbagyi da Turanci, kowa ya ji abin da aka rubuta wa mazaɓarsa. Ba zai tashi daga unguwa ya koma cikin gari ba. Lambar wayarsa ba za ta sauya ba. In ya saɓa, mu da muka rubuta wannan takarda mu ne za mu fara rubuta wata a kansa.

Gaskiya ɗaya kuma, domin ba ma son ku zo kuna zaginmu baɗi. Kansila ba ya zuba kwalta daga aljihunsa. Wanda ya yi muku alkawarin gadar sama ƙarya yake. Aikin kansila shi ne ya zauna a majalisar da ke amincewa da kasafi, da ke yin ƙananan dokokin kasuwa da tasha da haraji, da ke da ikon kiran jami'i ta ce zo ka yi bayani. Bakinsa da ƙuri'arsa su ne jarinsa. Kuma kujerar ta ƙara nauyi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, namu shida na cikin lissafin. Ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, amma ko yau ko gobe, duk wata akwai kuɗin da ke sauka da sunanku. Dole a samu mai ido a wurin. Ku tura wanda ya iya karanta lissafi, wanda kuma ba ya jin kunyar tambaya.

Mutanen mai ci za su zo muku da maganar raba kai. Sun ma fara. Za su ce wa Bagwari wannan ɗan takarar baƙi ne. Za su ce wa Bahaushe wancan ba ya sallah. Ku ce musu ruwan da ya shiga ɗakin Bagwari shi ya shiga ɗakin Bahaushe, ya wuce na Ibo da na Tibi da na Bayarabe bai tambayi sunan kowa ba. Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa mun same su a ƙasar nan, muna girmama su, kuma suna cikin wannan tafiya tun ranar farko. Limamai na ciki, fastoci na ciki. Duk wanda ya zo muku da zancen ƙabila a kan kwalbati, ku tambaye shi ina kwalbatin.

Za su zo da taliya. Za su zo da sabulu da magi da turmin atamfa. Daren Juma'a za su zo da sabbin takardun Naira. Mun san halin da ake ciki, ba wanda zai koya wa mai jin yunwa wa'azi. Amma Inna, ki lissafa. Taliyar nan kwana nawa za ta yi a tukunya? Kujerar kuwa shekara huɗu ce. Shekara huɗu na sayen ruwa. Shekara huɗu na sayen safar hannu a ɗakin haihuwa. Doka ta haramta sayen ƙuri'a, ta haramta sayarwa. Kada ki bar kowa ya karɓi katinki da sunan zai rubuta ki a tallafi. Kada ki ba kowa lambar da ke jikinsa. In kin shiga wurin dangwale, daga ke sai Allah.

Iyayenmu mata, da ku muke, domin ku ne ƙarfin layi. Ku ke riga kowa fitowa, ku ke jure rana. Ku tuna wannan dama ba a tafin hannu aka miƙo ta ba. 'Yan uwanku na Kudu sun yi shekaru suna zaɓe, matan Arewa na kallo. Sai a 1976 aka ba ku, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi irin wannan kuka fara. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri, ta sha duka a kan wannan magana, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙuri'ar da aka biya da wannan farashi ba ta sabulu ba ce.

Matasa, ƙannenmu, ku kuma ga taku. Kuna da waya, kuna da ƙafa, kuna da murya. Ihu a Facebook da TikTok ba ya shiga akwati. Kada ku yarda a ba ku ƙwaya da gora a ce ku tarwatsa layi. Wanda ya aike ku, nasa 'ya'yan suna ɗaki a kulle. Ku zo nan, muna da aikin da ya fi wannan.

Ga aikin. Ya fara daga yau.

Yau da dare, ɗauko katinka. Duba ƙarƙashin katifa, duba cikin akwati, duba aljihun tsohuwar riga. Nemo shi ka ajiye inda hannu zai kai. Duba lambar rumfarka, domin INEC ta ƙara rumfuna a 2021 kuma an sauya wa wasu wuri. Je ka ga wurin da idonka kafin ranar. Kada ka bari sai Asabar ka kama yawon neman sunanka.

Gobe, nemi mutum biyar. Matarka, maƙwabcinka, abokin sana'arka, mai shagon da kake cin bashi, tsohon da ke zama a ƙofar masallaci. Kada ka yi musu dogon turanci. Tambaye su nawa suka kashe a ruwa wannan watan. Tambaye su ina yaransu suke lokacin yajin aiki. Sannan ka ce su ma su nemi biyar.

Ku koya wa juna takardar ƙuri'a. Babu sunan ɗan takara a jikinta, babu hotonsa, alamar jam'iyya ce kawai. Alamar Malam tana jikin fostarsa a kowane layi, ku nuna wa tsofaffi har su haddace. Takarda biyu za a ba ku, ta ciyaman da ta kansila. A ta ciyaman kowa ya bi zuciyarsa, ba mu ce muku komai ba. Ta kansila muke roƙo. Dangwale ɗaya, a cikin gida ɗaya. Kada tawada ta tsallaka layi. Ku bar ta ta sha iska kafin ku naɗe. Ƙuri'ar da ta lalace ta tafi a banza.

Masu Keke da 'yan acaɓa, akan taƙaita zirga-zirga ranar zaɓe, saboda haka ku shirya tun Juma'a. Ku san tsohuwar da ba ta iya doguwar tafiya, ku san makahon layinku, ku san wa zai riƙe hannun wa. Tsofaffi da masu juna biyu da masu lalura ana ba su gaba a layi, ku tuna wa jami'ai cikin ladabi. Mai ruwan sanyi ya kawo. Mai tabarma ya kawo. Mai lema ya kawo. Uwar da ke da goyo, maƙwabciya ta riƙe mata ta je ta dawo, sannan su yi musanya.

Ranar Asabar ku yi sammako. Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe. Duk wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana sai ya yi zaɓe, ko da za a kai dare. In na'ura ta yi gardama, kada ku yi fushi ku tafi. Fushinku suke jira. Ku tsaya. In an zage ku, ku yi shiru ku tsaya. In an ce kayan aiki ba su iso ba, ku tsaya. In rana ta yi zafi, ku shiga inuwa ku tsaya.

In kun jefa, kada ku wuce gida. Ku ja gefe, ku zauna lafiya, ku jira ƙirga. A gabanku za a zazzage akwati. A gabanku za a ware, a ƙirga da babbar murya. Ku ƙirga tare da su. A gabanku za a cika takardar sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a manna na jama'a a bango. Ku ɗauki hotonsa. Kowa ya ɗauka. Ku turo wa kwamiti nan take. Wakilanmu za su raka sakamako har cibiyar tattarawa ta mazaɓa, masu ƙarfi a jika su mara musu baya, ba gora, ba zagi, ba jifa. Ƙuri'ar da aka tsare ita ake ƙirgawa.

Ku fito, 'yan uwa. Mai shago ya rufe na rabin yini ya fito. Mai shayi ya sauke tukunya ya fito. Mai ɗinki ya ajiye almakashi ya fito. Amarya ta fito, uwargida ta fito. Wanda ya taɓa zaɓe aka ci amanarsa ya fito. Wanda bai taɓa yi ba ya fito ya fara. Ku buga wa na Kubwa da na Nyanya da suka tashi amma katinsu na nan, ku ce su kwana a unguwa ranar Juma'a. Ku tashi maƙwabci da asuba. Ku ƙwanƙwasa ƙofa. Ku tafi a ayari, ku dawo a ayari.

Allah Ya kai mu Asabar lafiya, Ya sa a yi lafiya a tashi lafiya. Ku ɗauko katinku, ku riƙo hannun mutum biyar, mu haɗu a rumfa da ƙarfe takwas. Ku dangwala wa Malam.